Maido da Tsohuwar Motar Gudu da Yi Mata Kwaskwarima: Misalin Datsun 240Z

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta ƙunshi bayani ne a kan wata sana'a da ta bunƙasa a Japan da Amurka da ƙasashen Turai, wato ɗauko motar da ta shekara 40 ko 50, a kwance ta noti bayan noti, a sake haɗa ta har ta koma tamkar ranar da ta fito daga masana'anta. An zaɓi mota guda domin ta zama misali, ita ce Datsun 240Z ta kamfanin Nissan, wadda a Japan ake kira Fairlady Z. Sunan Datsun ba baƙo ba ne ga wanda ya ga tasi-tasin shekarun 1970 a biranen Afirka ta Yamma, sai dai ita wannan ba ta haya ba ce. Ƙaramar motar gudu ce mai kujera biyu da dogon hanci, wadda aka ƙera domin jin daɗin tuƙi.

Kafin a yi nisa ya kamata a bambance kalmomi uku, domin Bahaushe kan haɗa su duka a cikin kalmar gyara. Gyara shi ne abin da makanike ke yi kullum: abu ya lalace, a sa wani, mota ta tashi. Maidowa kuwa ita ce a mayar da mota yadda masana'anta ta yi ta, tun daga launin fenti har irin kan notin da aka ɗaura. Kwaskwarima ita ce a sauya wani abu da gangan domin motar ta fi yadda take gudu, ko tsayawa, ko kyan gani. Masu wannan sana'a ba su cika saɓawa a kan gyara ba. Gardamarsu tana tsakanin maidowa da kwaskwarima ne, wato ina iyakar abin da mutum zai sauya kafin a ce ya yi wa motar gyaran gangar Abzinawa.

2.0 Asalin motar

An fito da 240Z a watan Oktoba na 1969. Mutum biyu ake yawan ambata idan ana tarihinta. Na farko shi ne Yutaka Katayama, shugaban reshen Nissan na Amurka a lokacin, wanda ya matsa wa shugabanninsa na Tokyo a kan su ƙera motar gudu mai rufi wadda dogon Ba'amurke zai shiga ya miƙe ƙafa. Ya rasu a 2015 yana da shekara 105. Na biyu shi ne Yoshihiko Matsuo, wanda ya jagoranci masu zanen siffarta, ya kuma rasu a 2020.

Injinta, mai lamba L24, silinda 6 ne a jere, girmansa lita 2.4, da kafireto biyu na kamfanin Hitachi. Bisa ma'aunin Amurka na wancan zamani yana ba da ƙarfin doki 151, ita kuwa motar nauyinta bai wuce tan ɗaya da ƴan kai ba. Kowace taya tana da ƙafarta mai zaman kanta, birkin gaba mai faifai ne, na baya mai ganga. A Amurka an sa mata farashin dala 3,526, kusan kuɗin ƙaramar MGB ta Ingila, alhali siffarta da gudunta sun fi kusa da na Jaguar da Porsche masu tsada nesa ba kusa ba. Ke nan ba abin mamaki ba ne da aka sayar da kusan 150,000 a Amurka kaɗai tsakanin 1970 da 1973. Daga nan aka ƙara girman injin, ta zama 260Z a 1974, sannan 280Z daga 1975 zuwa 1978.

Ta kuma yi suna a fagen tsere. John Morton ya ci gasar ajinta a Amurka a 1970 da 1971. A Afirka ta Gabas, Edgar Herrmann da Hans Schüller sun lashe tseren Safari da ita a 1971, Shekhar Mehta ya sake lashewa a 1973. Wannan tarihi yana da amfani a nan gaba, domin yawancin kwaskwarimar da ake ɗauka mai kyau a yau daga motocin tseren nan aka kwaikwayo ta.

3.0 Tsatsa

Wanda bai san sana'ar ba, idan ya je sayen tsohuwar mota, bonet yake fara ɗagawa, ya ce a tayar ya ji ƙarar inji. Wanda ya sani kuwa ƙasa yake kwanciya da tocila a hannu. Dalili shi ne injin L24 yana da wuyar mutuwa, kuma ko ya mutu ana samun wani cikin sauƙi, saboda Nissan ta sa dangin wannan inji a motoci iri-iri shekara da shekaru. Bodi kuwa guda ne, shi ke ɗauke da lambar motar, shi ne motar.

Abin da ya sa maganar tsatsa ta yi nauyi a 240Z shi ne ba ta da shasi daban da za a ɗora bodi a kai, irin na manyan motocin ɗaukar kaya. Bodin shi ne shasin. Falle-fallen ƙarfe ne marasa kauri aka lanƙwasa aka haɗa da walda, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa, kamar yadda azara da ginshiƙi ke riƙe da soro. An rage kaurin ƙarfen da gangan domin motar ta yi sauƙi, kuma kariyar tsatsa ta wancan zamani ba ta taka kara ta karya ba. Daɗin daɗawa, a jihohin arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu sanyi ana watsa gishiri a hanya domin narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yakan maƙale a ƙarƙashin mota ya yi ta ci. Wannan ne ya sa masu saye daga Ingila da Jamus da Holan suke neman motocin da suka yi zamansu a Kalifoniya ko Arizona, inda iska ke bushe, su yi jigilarsu ta jirgin ruwa, ko da kuwa rana ta gasa kujerun ta farfasa robar gaban direba.

Wuraren da tsatsa ke kamawa sanannu ne. Akwai daɓen motar, ƙarƙashin ƙafar direba da ta fasinja. Akwai dogayen ƙarafa biyu masu rami a ciki da suka taso daga ɗakin inji suka bi ƙarƙashin daɓen, waɗanda su ne ƙashin bayan motar. Akwai dokin ƙofa na dama da na hagu, da ɗan lungun da ke tsakanin ƙofa da tayar baya, da leɓen da murfin baya ke sauka a kai, da ramin safaya. Amma wurin da ya fi muni shi ne mazaunin batir. Ruwan batir yakan ɗiga, ya cinye tiren, ya gangara ya ci bangon da ke tsakanin inji da fasinja, ya kai ga ƙashin bayan da ke ƙasa. Mota na iya sheƙi daga waje, alhali ƙarƙashin batirinta mutum zai iya zura yatsa ya fita ta ɗaya gefen.

Nan ne ake yin kitso da ƙwarƙwata. Mai son sayarwa da sauri yakan cusa fila a ramin, ya goge, ya fesa sabon fenti, ya kuma shafe ƙasan motar da baƙin kwalta mai kauri. Domin haka masu saye ke tafiya da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, suna manna shi a jikin mota: inda ya kama ƙarfe ne, inda ya faɗo fila ce. Akwai kuma ƴar na'urar auna kaurin fenti da ke yin aikin da ya fi wannan. A wajen masana, sabon fenti a jikin motar da ba a nuna hotunan aikinta ba abin tuhuma ne. Sun fi son su ga tsohon fenti da ya koɗe, domin shi ba ya ɓoye komai.

Illar ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. A jikin ƙarafan nan aka ɗaure ƙafafun gaba da sitiyari da mazaunin kujeru da bel ɗin ɗamara. Idan sun ruɓe, motar takan murɗe a kwana, ƙofofi su daina rufuwa daidai, kuma ranar da aka yi karo babu abin da zai tare wa na ciki. Wanda ya ɗora inji mai ƙarfin doki 300 a kan irin wannan bodi ya sayi hatsari da kuɗinsa.

Yadda ake aikin na gaskiya shi ne a kwashe komai, inji da giya da gilasai da wayoyi da kujeru, har ya rage ƙwarangwal kawai. Kowane abu da aka cire ana ɗaukar hotonsa kafin a taɓa shi, a sa notinsa a leda a rubuta sunan wurin da ya fito, domin aikin kan ɗauki shekara biyu ko uku, ba kuwa wanda zai tuna inda ƙaramin noti ya fito bayan shekara uku. Sai a kafa ƙwarangwal ɗin a kan wani abin ƙarfe mai juyawa, kamar yadda ake juya rago a kan garwashi, ta yadda mai walda zai iya kifa motar ya yi aiki a tsaye. Ana cire fenti da feshin rairayi mai laushi ko na garin gilashi, ko a tsoma bodin gaba ɗaya a cikin ruwan magani. Kowace hanya da aibinta: feshi mai ƙarfi yakan lanƙwasa faffaɗan ƙarfe irin na rufi da bonet, ruwan magani kuwa yakan ɓuya a cikin haɗin ƙarfe ya fito daga baya ya ɓata sabon fenti.

Bayan an tsiraita ƙarfen ne ake sanin gaskiyar abin da aka saya. Kafin a yanke daɓe ko dokin ƙofa, dole a gicciya sandunan ƙarfe a cikin motar a kama su da walda, in ba haka ba bodin zai saki, ya tashi daga ma'auninsa, ƙofa ba za ta sake zama ba har abada. Ana yanke ruɓaɓɓen wuri har sai an kai ga lafiyayyen ƙarfe, a sa sabon falle baki da baki, a yi walda ɗigo-ɗigo ana tsallakawa domin kada zafi ya tanƙwara shi. A yau akwai ƙananan kamfanoni da ke buga sabbin daɓe da dokin ƙofa da sauran sassan bodin 240Z, abin da ya sa ake ceto motocin da a shekarun 1990 da tuni an kai su bola. Duk da haka da wuya sabon falle ya zauna ba tare da fanabita ya sa guduma ba. Yawancin kuɗin maidowa a nan yake tafiya, a wurin da ba mai gani bayan an shimfiɗa kafet.

4.0 Inji da wayoyi

Aikin inji bai kai na bodi wahala ba, kuma duk makaniken da ya saba da tsofaffin motocin Nissan zai gane shi. Ana auna silinda, a rarake su kaɗan idan sun ci, a sa sabbin fistin da zobba da sarƙar da ke juya kamshaf. Abu biyu ne zamani ya sauya. An ƙera injin ne lokacin da ake zuba dalma a fetur, ita kuwa dalma takan kare mazaunin bawul daga ci. Amurka ta haramta irin wannan fetur ga motoci a 1996, ƙasar ƙarshe da ta daina sayar da shi ita ce Aljeriya a 2021. Saboda haka idan an buɗe kan injin ana sauya mazaunan bawul da na ƙarfe mai tauri. Abu na biyu, fetur ɗin Amurka da na Turai a yau ana gauraya shi da sinadarin etanol, wanda ke cin tsofaffin robobin mai, ya kuma jawo laima a tanki. Duk wani tiyon mai sai an sauya shi, domin kafireton wannan mota a saman bututun hayaƙi suke zaune, ɗigon mai kaɗan ya isa ya tayar da gobara.

Wayoyin ma suna da lagonsu. Wutar fitilun gaba takan bi ta cikin makunnin da ke jikin sitiyari da akwatin fis kai tsaye, idan mahaɗan suka tsufa sai su yi zafi, robar akwatin ta narke. Maganin shi ne a sa rile, ya ɗauke wa makunnin nauyin. Wannan sauyi ne, ba yadda masana'anta ta yi ba ne, amma da wuya a sami mai kishin asali da zai yi ƙorafi a kansa.

Akwai lamba a jikin injin, akwai kuma ɗan allon ƙarfe a ɗakin inji da aka buga lambar injin da motar ta fito da shi. Idan lambobin biyu sun dace, darajar motar takan ƙaru sosai. Shi ya sa ko wanda ya ƙudura sa wani inji ake ba shi shawara ya zuba wa na asalin mai, ya naɗe shi, ya ajiye a lungun gareji.

5.0 Ina iyakar kwaskwarima?

Ba a taɓa barin 240Z yadda take ba. Tun tana sabuwa dillalan Amurka suke sauya mata ƙafafun taya da na alminiyom kafin su sayar. A tsakiyar shekarun 1970 wani kamfani a Kalifoniya mai suna Scarab ya riƙa cire injinta yana sa na Chevrolet mai silinda 8. A Japan ma samari sun yi ta ƙara wa injin girma suna tsere da dare a manyan hanyoyin Tokyo, har aka yi shahararren labarin zane mai suna Wangan Midnight a kan wata irin wannan mota. Lokacin motar tana da arha, kuma tana da yawa, ba wanda ya damu. Yanzu da tsatsa da haɗurra suka cinye mafi yawa, kowace da aka yanka ta rage daga adadin da ba zai ƙaru ba.

Daga abin da ƙwararru ke yi ana iya fahimtar cewa tambayar farko da suke yi wa kowane sauyi ita ce: za a iya warware shi? Abin da aka ɗaura da noti ana kwance shi da sifana. Abin da aka yanka da zarto sai dai a yi faci. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta tafi a kan wannan ra'ayi a cikin Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, inda ta nemi a rubuta duk sauyin da aka yi, a kuma yi shi ta yadda za a iya mayar da motar yadda take.

Da wannan ma'auni, akwai sauye-sauye da dama da suka sami karɓuwa. Motocin da aka kai Amurka giya 4 gare su, don haka a babbar hanya injin yakan yi ta kuka. Giya mai 5 ta 280Z ko 280ZX tana shiga ba tare da wahala mai yawa ba, kuma ba a ganin bambanci sai an dubi kan sandar. Haka injin L28 na 280Z: tsawonsa da siffarsa ɗaya da L24, sai dai faɗin silindarsa milimita 86 ne maimakon 83, tafiyar fistin kuma 79 maimakon 73.7. Masu son ƙari sukan ɗauko karanshaf na injin gas mai lamba LD28, wanda tafiyarsa ta kai milimita 83, su rarake silinda, injin ya kai lita 3.1. Wanda ya ɗaga bonet zai ga injin da ya sani, ƙararsa ma ita ce dai, sai ya taka totur zai gane an yi aiki. Wasu kan ƙara da kafireto uku na Weber ko Mikuni irin na motocin tsere, ko da yake a cikin gari suna shan mai, kuma daidaita su sai gwani.

Wani misali mai ban sha'awa shi ne na motocin 1973. Domin cika dokar hayaƙi ta Amurka, Nissan ta sauya kafireto masu zagayayyen kai da wasu masu shafaffen kai. Waɗannan sun yi ƙaurin suna: idan rana ta yi zafi mai yakan tafasa a cikin bututu, mota ta mutu a tsakiyar hanya ta ƙi tashi. Masu motoci da yawa sun cire su tun a wancan lokaci sun mayar da na 1970 zuwa 1972. To, wanda ke maido da motar 1973 a yau, wanne zai sa? Idan ya bi asali ya maido da ciwon, idan ya bi lafiya ya saɓa wa asali. Mafi yawa lafiya suke bi, su ajiye na asalin a kwali. Haka abin yake game da motocin farko, masu ƴan tagogin iska biyu a murfin baya. A 1971 kamfanin ya mayar da tagogin gefe. Amma su waɗannan ba mai toshe su, domin su ne shaidar motar tana cikin na farko, sun kuma fi tsada. Sai dai a sabunta robobin murfin da kyau, saboda siffar bayan motar takan jawo hayaƙin salansa ya dawo ciki.

Tambaya ta biyu ita ce ko sauyin ya dace da zamanin motar. Ƙafafun taya masu ƙarafa 8 irin na RS Watanabe, inci 14 ko 15, sun zauna mata domin da irinsu aka yi tsere a shekarun 1970. Ƙafa mai inci 18 da siririyar taya kuwa takan sa ta yi kama da dattijo a cikin kayan ƴan makaranta, ta kuma ƙara nauyi inda ba a so, ta sa sitiyari ya yi tauri, tun da motar ba ta da na'urar sassauta shi. Ɗan leɓen da ake sawa ƙarƙashin bambar gaba yana da dalili, domin hancin motar yakan yi sama idan ta yi gudu sosai. Masu 280Z kuma sukan cire manyan bambobin da dokar Amurka ta tilasta, su sa sirara na 240Z, abin da ke rage nauyi ya kuma maido da siffar da Matsuo ya zana.

Inda ake rabuwa shi ne faɗaɗa madigadi. A 1971 Nissan da kanta ta fitar da 240ZG a Japan, mai ƙarin dogon hanci da baƙaƙen leɓɓa a kan tayoyi, saboda haka masu yi suna da hujja. Matsalar ita ce domin faffaɗar taya ta sami wuri dole a yanke ƙarfen madigadin baya, shi kuwa haɗe yake da bodi. A 2015 ɗan wasan fim Sung Kang ya nuna wata 240Z ta 1973 da ya sa wa suna FuguZ a bajekolin SEMA na Las Vegas, an faɗaɗa mata jiki, an sa mata injin Skyline, ta kuma ci kyauta. Aikin ya yi kyau, ba mai musu. Abin da ya biyo baya ne bai yi daɗi ba, domin masu kwaikwayo da yawa sun sa zarto a jikin lafiyayyun motoci ba tare da kuɗi ko gwanintar kammalawa ba. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne, wanda ke son yanka ya nemi motar da tsatsa ta riga ta cinye madigadinta, wadda ko ya yanka ko bai yanka ba sai an sa sabon ƙarfe. Mota mai lafiyayyen jiki da fentinta na asali kuwa a bar ta.

Akwai kuma jerin da ya kamata a bi, wanda zumuɗi ke sa a juya shi. Ana fara da bodi, sai bushin da shokazoba da sifirin, sai birki da taya, inji ne na ƙarshe. Yawancin waɗanda ke kukan motar ba ta da daɗin tuƙi, robobin ƙafarta ne suka shekara 50. Ga birki, dabara mai arha da ta daɗe ita ce a ɗauko mamatsin faifai mai fistin 4 na tsohuwar akori-kurar Toyota, wanda ke ɗauruwa a gaban 240Z. Amma idan aka ƙara wa gaba ƙarfi aka manta da baya, ko aka bar tukunyar man birki ta asali, feda takan yi laushi, tsayawar ma ta lalace. Sifirin da aka gajarta fiye da kima shi ma haka: motar ta yi kyau a hoto, a hanya kuwa tana tsalle kamar amalanke, ƙashin bayan da aka kashe kuɗi aka gyara yana gogar ƙasa.

6.0 Doka da kuɗi

Dokokin ƙasashe ma suna jan iyaka. A Jamus, tun 1997, motar da ta shekara 30 tana iya samun lamba mai harafin H da sassaucin haraji, amma da sharaɗin sauye-sauyen da ke jikinta su zama irin na zamaninta. A Birtaniya, daga 2018, motar da ta shekara 40 an ɗauke mata gwajin shekara-shekara, sai idan an yi mata babban sauyi a cikin shekara 30 da suka wuce. A Kalifoniya ba a yi wa motocin 1975 zuwa baya gwajin hayaƙi, don haka mai 240Z yana da sarari, mai 280Z ta 1976 kuwa dole ya bar kayan hayaƙinta yadda suke. Japan ita ce ta bambanta, domin a can mota mai fetur da ta wuce shekara 13 ƙarin haraji ake ɗora mata, ga kuma gwaji mai tsauri duk shekara biyu.

Game da kuɗi, Nissan da kanta ta ɗanɗana. Bayan ta daina sayar da 300ZX a Amurka a 1996, sai ta shiga sayen tsofaffin 240Z tana ba wasu garejin Kalifoniya suna maido da su, tana sayarwa ta hannun zaɓaɓɓun dillalai da garantin shekara ɗaya, a kan sama da dala 25,000. An yi niyyar yin 200, amma ba a kai 40 ba aka tsaya, domin aikin ya fi yadda aka zata cin lokaci da kuɗi. Idan kamfanin da ya ƙera motar, mai rumbun kayan gyara, ya ga haka, to mai aiki shi kaɗai a gareji kada ya sa ran kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Kasuwa kuma ta nuna abin da ta fi daraja. A watan Janairu na 2020 an sayar da wata koriyar 240Z ta 1971 a gwanjon intanet na Bring a Trailer a kan dala 310,000. Ba a sa mata babban inji ba, ba a faɗaɗa ta ba, ba a ma kwance ta an maido ba. Tafiyarta duka ba ta kai mil 22,000 ba. A cikin watan nan dai aka sayar da wata Z432R a Tokyo a kan yen miliyan 88 da ɗoriya, ita kuwa tana cikin ƴan ƙalilan da aka ƙera domin tsere da injin Skyline GT-R tun daga masana'anta. Motocin da aka yi wa kwaskwarima ma suna da kasuwarsu, har akwai kamfanoni irin MZR Roadsports na Bradford a Ingila da suka mayar da ita sana'a. Amma a irin wannan ciniki, bayan mai saye ya gama duba ƙarƙashin mota, abu biyu yake tambaya: hotunan bodin lokacin da yake tsirara kafin fenti, da kuma kwalayen kayan asalin da aka cire.